Hattara da masu tallar ƙarfen jan tirela "mai shiga kowace mota"

Jama'a, duk wanda yake da niyyar sa wa motarsa ƙarfen jan tirela, wato ƙarfen da ake ɗaurawa a bayan mota don jan ƙaramar tirela ta kaya, ina roƙonsa ya dakata ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗi. Akwai masu talla a intanet da suka mai da wannan kaya hanyar cutar mutane, kuma na kasa yin shiru ne saboda wannan ba irin damfarar da mutum zai yi asarar kuɗinsa ya haƙura ba ce. In aka sayar maka da jabun caja, wayarka ce za ta lalace. In aka sayar maka da jabun ƙarfen ja, tirela ce za ta kuɓuce a tsakiyar titi tana gudu, kuma wanda ke tafe a bayanka, wanda bai san ka ba balle mai tallar, shi zai ɗauki masifar.

Ni ma sun kama ni. Ina neman ƙarfen da zan riƙa jan wata ƙaramar tirela ta kaya, sai talla ta fara bina duk inda na leƙa. Hotuna masu kyau, ƙarfe baƙi yana sheƙi, ga ƙwallon ja da bakin tirela ke hawa kansa, ga sakata, ga sarƙa, ga wayoyin fitila, wai duk a kwali ɗaya. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa yana shiga kowace mota kuma yana jan tan 5. A ƙasa ga agogo yana ƙirga sauran mintunan da rangwame zai ƙare, ga yabo daga masu saye jere reras. Na tura saƙo na faɗi irin motata da shekarar da aka ƙera ta, ko minti biyu ba a yi ba aka amsa mini da cewa zai shiga daram. Ba a tambaye ni ko mai dogon baya ce ko mai but ba, ba a tambayi nauyin tirelar ba. A lokacin na ɗauka ƙwarewa ce. Sai aka ce idan na biya kai tsaye, ba ta cikin dandalin cinikin da suke talla a kai ba, za a ƙara rage mini, na kuwa biya.

Da kwalin ya iso na kai wa makanikena, dattijo ne da ya daɗe yana harkar. Ya ɗaga ƙarfen da hannu ɗaya, ya juya shi, ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ba zan ɗaura maka shi ba." Ya ɗauko wuƙa ya kankare fentin a wajen haɗin. Ashe fentin ne aka lafta da kauri ya rufe aikin: waldar ɗigo-ɗigo ce, nan an taɓa, can an tsallake, a wani gefen ma ba ta ci ƙarfen ba, zama kawai ta yi a sama. Bututun da ya kamata ya yi kauri siriri ne. Kan notunan fayau, babu lamba ko ɗaya. Ramukan ba su yi daidai da ramin komai a ƙarƙashin motata ba, kuma 'yar takardar da ke ciki cewa ta yi wai a huda duk inda ya dace. Maganar tan 5 ɗin kuwa a jikin wata sitika take, wadda na ɓamɓare da farce. Da muka koma muka duba hotunan tallar, sai muka ga ba ma hoton wannan ƙarfen ba ne. Na wani kamfani ne na gaskiya aka ɗauko aka goge sunansa.

Ƙarya ta farko, wadda duk sauran suka hau kanta, ita ce wannan kalma ta "kowace mota". Ƙarfen ja na gaskiya ba a bamba ake maƙala shi ba. A jikin casis, wato ƙashin bayan mota, ake ɗaure shi, a wuraren da kamfanin motar ya ƙarfafa ya kuma tanadi ramuka saboda wannan aiki, kuma waɗannan wurare sun bambanta daga mota zuwa mota, wani lokaci ma tsakanin shekara da shekara na mota iri ɗaya. Shi ya sa kamfanoni irin su Curt da Draw-Tite a Amurka, ko Westfalia da Brink a Turai, ba sa nuna maka ƙarfe sai ka zaɓi sunan mota da samfurinta da shekararta, sannan su ba ka lambar kaya guda da takardar yadda ake ɗaurawa. Yawancin ƙananan motocin yanzu ma ba su da casis daban irin na manyan motoci, jikin motar ne da kansa ke ɗauke da nauyi, to in ka huda farantin ƙarfe inda ba a ƙarfafa ba ka rataya masa tirela, a hankali zai tsage. Akwai motocin da kamfaninsu bai amince a yi ja da su ba sam. Mai tallar da ya ce maka eh kafin ya san motarka, ba motarka ce a gabansa ba.

Sai maganar lamba, kuma a nan nake so mu daɗe, domin da lamba suke yaudara.

A Amurka ana raba ƙarfen ja aji-aji bisa ƙa'idar SAE J684. Aji na 1 yana jan tirelar da nauyinta da kayanta bai wuce laba 2,000 ba, wato kusan kilo 900. Aji na 2 laba 3,500, kusan kilo 1,590. Waɗannan biyun bakin bututunsu, inda ake zura hannun da ke riƙe ƙwallo, inci 1 da kwata ne. Aji na 3 a ƙa'idar laba 5,000 ne, kusan kilo 2,270, aji na 4 kuma laba 10,000, kusan kilo 4,500, kuma bakinsu inci 2 ne. Ka ga kenan tan 5 ya zarce ma aji na 4, aikin manyan motocin ɗaukar kaya ne. To yaya za a yi ƙarfen da ake ɗagawa da hannu ɗaya, wanda aka ce zai shiga ƙaramar mota, ya ja shi? Da na san wannan lissafi tun farko, da tallar da kanta ta tona wa kanta asiri. Wata dabarar kuma ita ce su rubuta 5,000 ko 3,500 kawai ba tare da faɗin laba ce ko kilo ba, su bar ka ka ɗauka kilo ne, alhali kilo ɗaya ya fi laba biyu.

A Turai da ƙasashen da ke bin tsarinta, dokar ita ce ECE R55, kafin ita kuma akwai 94/20/EC da za ka gani a tsofaffin ƙarafa. Ƙarfen da aka gwada aka amince da shi yana zuwa da tambari a jikinsa mai ɗauke da sunan wanda ya ƙera, da lambar samfur, da harafin E tare da lambar ƙasar da ta amince: E1 Jamus, E2 Faransa, E4 Holan, E11 Birtaniya. Bayan haka akwai lambobi biyu da ya kamata kowa ya iya karantawa. Lambar S ita ce nauyin da aka yarda wuyan tirela ya danna a kan ƙwallo, da kilo, kuma a ƙananan motoci da yawa tana tsakanin 50 da 100 ne. Lambar D kuma ƙarfin fizga da turi ne tsakanin mota da tirela, ana rubuta ta da kN, wato ma'aunin ƙarfi. Lissafinta ba wuya: ka ninka nauyin mota da nauyin tirela, da tan, ka raba da jimillarsu, ka ninka da 9.81. Misali, mota mai tan 2 da tirela mai tan 1.5 suna bukatar lambar D da ta kai kN 8.4. Masu damfara sun san mutane na neman harafin E, don haka wasu na buga shi a sitika. Amma harafi kaɗai ba hujja ba ne. Ka nemi cikakkiyar lambar amincewar, ka nemi sunan kamfanin, ka je shafin kamfanin ka ga ko lambar kayan tana nan kuma ta motarka ce. Ni da na tambayi nawa mai tallar lambar D daga baya, amsar da na samu ita ce wai kayan na da inganci sosai.

Ko da ma ƙarfen na gaskiya ne, ba ya ƙara wa mota ƙarfin da ba ta da shi. Mota na da iyakarta, ƙarfe na da tasa, ƙwallo na da tasa, hannun da ke riƙe ƙwallon na da tasa, bakin tirela ma haka, kuma mafi ƙanƙanta a cikinsu ita ce ke da iko. Iyakar motarka tana cikin littafinta. A motocin da aka yi wa kasuwar Turai, farantin da ke ɗauke da lambar casis, a jikin ƙofa ko cikin bonet, yana nuna cikakken nauyin mota a layi na farko, da nauyin mota haɗe da tirela a layi na biyu. Littafin kuma kan ba da lamba biyu, ta tirela mai birki da ta marar birki, kuma a dokar Turai marar birki ba ta wuce kilo 750. Duk wanda ya ce maka ƙarfensa zai sa motarka ta ja fiye da abin da ke rubuce, yana so ne ka ƙona giyar motar, ka cinye birki, injin ya yi zafi a kan hawa. Haka nan ɗan bututun nan da suke sayarwa mai mai da baki inci 1 da kwata zuwa inci 2, suna cewa yana ɗaga aji. Ba ya ɗaga komai. Hasali ma duk abin da ya ƙara nisa tsakanin ƙwallo da mota rage ƙarfi yake yi, kuma masu ƙera na gaskiya sukan rubuta hakan a jikinsa.

Ƙwallon da aka aiko mini shi ya fi tayar mini da hankali. An tallata shi a matsayin milimita 50, girman da ake amfani da shi a Turai. Da makanike ya auna, bai kai 48 ba. Wato mai inci 1 da 7/8 ne, ɗaya daga cikin girma uku da ake amfani da su a Amurka, sauran su ne inci 2 da inci 2 da 5/16. A ido ba za ka bambance ba. Bakin tirela zai hau kansa, makullin zai rufe, ka ji ƙaras kamar komai ya zauna. Sai ka faɗa rami ko ka hau tudun rage gudu, bakin ya yi tsalle ya fice. Ko inci 2 da milimita 50 ba ɗaya ba ne, domin inci 2 milimita 50.8 ne, kuma bai kamata a gauraya su ba. Ƙwallo na gaskiya akan buga girmansa ko iyakar nauyinsa a jikin ƙarfen, a samansa ko a gindinsa. Wanda ya zo sumul babu rubutu, komai ƙyallinsa, ba ka san da wane ƙarfe aka yi shi ba. Kuma bayan ka haɗa tirela, ka sa jak ɗinta ko hannunka ka ɗaga wuyan sama: in ya kama da gaske, bayan motar ne zai ɗago tare da shi.

Notuna ma suna magana. Na awon milimita za ka ga 8.8 ko 10.9 a kansu, na Amurka kuma layuka 3 ko 6 ne a kan. Kamfanin gaskiya yana faɗa maka ƙarfin ɗaurin kowane noti, a ɗaure da sifana mai awo, ba da ƙarfin dantse ba, kuma da yawa suna cewa a sake dubawa bayan tafiyar kilomita 1,000. Sakatar da ke riƙe hannun ƙwallo inci 5/8 ce a baki mai inci 2, rabin inci a ƙaramin baki. Tawa ta zo siririya tana ta lilo a cikin ramin.

Sarƙar da ke cikin kwalin irin ta ɗaure ƙofa ce. Sarƙar tsaro ita ce abu na ƙarshe da ke tsakanin tirelar da ta kuɓuce da mutanen da ke kan hanya, dole ta iya ɗaukar nauyin tirelar. Inda ake amfani da biyu, gicciye ake yi musu a ƙarƙashin wuyan, don in ya faɗo su tare shi kafin ya caki kwalta. Tirela mai birki kuma tana da 'yar igiyar ƙarfe da ke ja mata birki in ta rabu da mota, kuma a jikin ƙarfen ja ake maƙala ta, a wurin da aka tanada.

Wani abu da na gani a bidiyon tallarsu ya sa jikina ya yi sanyi bayan na gane haɗarinsa. Suna nuna an rataya igiyar fizgo mota a wuyan ƙwallo ana fizgo wata da ta maƙale a laka. Don Allah kada kowa ya kwaikwayi wannan, ko da ƙwallonsa na gaskiya ne. An yi ƙwallo ne don ja a hankali, ba don fizga ba. In ya ɓalle, igiyar nan mai talewa harba shi take yi kamar dutse daga gwafa, kai tsaye zuwa gilashin motar da ke ɗaya ƙarshen, kuma an rasa rayuka ta wannan hanya. Mutumin da ya sa wannan a talla ko dai bai san kayan da yake sayarwa ba, ko bai damu da wanda zai mutu ba.

Wayoyin fitila ba zan daɗe a kansu ba. Soket na Turai mai ƙafa 7 ne ko 13, na Amurka galibi 4 ko 7, ka duba wanda ke jikin tirelarka. Abin da suke aikowa 'yan siraran wayoyi ne da maƙallai masu cizon wayar danja. A tsohuwar mota ana iya tsira da hakan, amma motar zamani kwamfuta ce ke lura da fitilunta, in ka rataya mata ƙarin kaya kai tsaye za ta fara kunna alamun matsala, ko ta kashe layin, ko na'urar ta ƙone. Ana bukatar akwatin da aka yi don haka, kuma rewaya wanda ya sani ya haɗa.

Yanzu ga kashi na biyu na damfarar, wanda ya fi na farko tsari. Da na kai ƙorafi wurin masu tallar, ba su yi faɗa ba. Ban-haƙuri suka yi ta yi, suka ce in turo hoto, na tura. Suka ce bidiyo, na tura. Bayan kwanaki suka ce za su mayar mini da ɗan wani abu in riƙe kayan, na ƙi. Suka ce to in mayar da shi da kuɗina zuwa wani adireshi a wata ƙasa, in ya isa za su biya, alhali sun san aika ƙarfe mai nauyi haka zai lashe abin da nake nema. Duk wannan jan lokaci ne. Kowace hanyar biya da ke kare mai saye tana da wa'adin kai ƙara, su kuma so suke wa'adin ya wuce kana jiran su. In ka riga ka buɗe ƙara a dandali, za su ce ka rufe tukuna sannan su biya, kuma a yawancin dandali ƙarar da ka rufe da hannunka ba ta sake buɗuwa. Ni da na biya a wajen dandalin, ko ƙofar kai ƙarar ban samu ba. Abin da ya sa suke kwaɗaita maka rangwamen biya kai tsaye kenan. Haka in an ce ka biya ta PayPal, wata hanyar biyan kuɗi ta intanet, amma ka zaɓi turawa ta 'yan uwa da abokai, ka sani wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye.

Bayan makonni shafin ya ɓace. Ba a daɗe ba na sake ganin hotunan nan, da agogon nan mai ƙirga mintuna, da yabon nan kalma da kalma, a ƙarƙashin wani sabon suna. Shi ya sa ban ga amfanin kama suna ba, gobe wani za su ɗauka. Halinsu za ka riƙe. Babu adireshi na zahiri, babu sunan wanda ya ƙera, babu lambar kaya, babu takardar ɗaurawa da za a nuna maka kafin ka biya. Ka ce a ɗauko maka hoton tambarin ƙarfen kusa-kusa, da kan notunan, da saman ƙwallon, a ajiye kusa da takarda mai ɗauke da kwanan wata na ranar. Mai kaya a hannu minti biyar zai yi. Ka kuma ɗauki hoton tallar ka sa a binciken hoto na Google, sau da yawa za ka ga asalin inda aka sato shi.

Masu sayar da na hannu a Facebook da makamantansa ba duka ne macuta ba, amma a can ma akwai masu ɗauko ƙarfe daga motar da ta yi haɗari su miƙe shi su fesa sabon fenti. Ƙarfen da ya taɓa lanƙwasa ko aka yi masa walda daga baya ya gama aiki. Sabon fenti a kan tsohon ƙarfe dalili ne na ka duba da kyau, musamman wajen haɗi da cikin bututu inda tsatsa ke ɓuya, kuma kada ka sake amfani da tsofaffin notuna.

In kuwa ka riga ka saya ka ɗaura, kada ka ce ai na yi tafiya biyu lafiya. Walda marar kyau ba ranar farko take tsagewa ba, girgizar hanya ce ke cin ta kaɗan-kaɗan. Ka sauke tirelar yau, ka kai wa wanda ya sani ya duba. Ka adana hoton tallar da saƙonni da shaidar biya kafin su goge, ka sanar da bankinka ko dandalin nan take ba tare da jiran alkawarinsu ba, ka kuma kai rahoton shafin don a sauke shi.

Wani ya ba ni shawara in sayar da nawa ga mai ƙaramin aiki in rage asara. Ban yi ba, domin ban san wace hanya zai bi da shi ba, kuma ban san wa zai kasance a bayansa ba. Na sa makanike ya yanka shi gida uku da injin yankan ƙarfe, ƙwallon kuma muka lalata zarensa da guduma kafin a zuba su cikin tarkacen da ake kaiwa narkarwa.